Inna ta yi shiru tun da muka sayar da awakinta: ko kiwo zai dawo mata da walwala?

Ɗan Inna, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da duk wanda ya taɓa ganin irin wannan hali a gidansu, domin al'amarin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Mahaifinmu ya rasu bara da damina, Allah ya jiƙansa. Da mahaifiyarmu ta fita takaba sai muka zauna da 'yan'uwana muka ga bai dace a bar ta ita kaɗai a ƙauye ba, tunda dukanmu muna birni, ita kuma ta haura shekara 65, ga hawan jini. Na ɗauko ta na kawo ta gidana, na gyara mata ɗaki mai banɗaki a ciki, na sa mata fanka da talabijin, na kuma ce wa maiɗakina kada a bar ta ta ɗauki ko tsinke. Awakinta bakwai da tumaki biyu da kajinta kuwa, mun kai su kasuwa mun sayar, muka damƙa mata kuɗin a hannu. Ba ta ce komai ba, sai dai ta tambaye ni ko wanda ya sayi wata jar akuya da take kira Kyauta mai kiwo ne ko mahauci. Ban san amsar ba, kuma a ranar ban ɗauki tambayar da nauyi ba.

Yau wata shida ke nan. Matar da take tashi kafin kiran assalatu, ta idar da salla ta fita ta dama wa dabbobi dusa da ruwan kanwa, tana yi musu faɗa kamar 'ya'yanta, ita ce yanzu take zaune a kan darduma har hantsi da carbi a hannu, ba ta ce wa kowa uffan. Abinci yakan dawo ba ta ci rabi ba, ta rame, kuma maiɗakina ta ce sau da yawa takan ji motsinta da tsakar dare. Mun kai ta asibiti, an duba jininta da sukarinta an ce lafiya lau, amma likitan ya ce yana ganin alamun ciwon damuwa, ya tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa. Da ta ji haka sai ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, ba inda za ta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da na gani da Babbar Salla. Na sayo ragon layya kwana goma kafin salla na ɗaure shi a tsakar gida. Washegari na tarar da Inna a tsugune a gabansa, ta buɗe bakinsa tana duba haƙoransa, ta ce an cuce ni a ciniki domin ragon bai ƙoshi ba, a nemo harawa da dusar masara. Kwanakin nan goma ita take ba shi abinci da ruwa, tana matsar da shi inuwa in rana ta yi, tana ba jikokinta labarin dabbobin da ta kiwata, ita ma kuma tana cin abincinta. Da aka yanka shi sai ta koma ɗaki kamar da.

Shin akwai gaskiya a ilimance cewa dabba tana taimakon mai irin wannan damuwa, ko ni ne nake ganin abin da nake so in gani? In na saya mata akuya, hakan zai wadatar a bar maganar likita? Gidana ƙarami ne kuma da siminti a ko'ina, maiɗakina tana tsoron wari da ƙorafin maƙwabta, ta ce ko kyanwa za a nemo.

Ma'aikaciyar jinya, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna lafiya. Abin da ka gani da idonka gaskiya ne, kuma masu aikinmu sun daɗe da lura da shi. Tun a 1796, lokacin da William Tuke ya buɗe gidan jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a birnin York na Ingila, aka riƙa ajiye zomaye da tsuntsaye a harabar gidan domin majinyata su riƙa hulɗa da su, a zamanin da sauran wurare ke ɗaure irin waɗannan mutane da mari. A 1962 wani masanin halayyar yara a Amurka, Boris Levinson, ya rubuta yadda yaron da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karen Levinson ɗin, daga nan ne ma magana ta buɗe tsakaninsu. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Jihar Washington suka ba ɗalibai minti goma suna shafa kyanwa da kare, suka auna yawunsu, suka tarar sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa in mutum yana cikin matsi, ya ragu idan aka kwatanta da ɗaliban da suka tsaya kallo kawai.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, hujjar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta a kafafen sada zumunta ba. Yawancin binciken an yi shi ne a Turai da Amurka a kan karnuka da kyanwoyi, da mutane kaɗan, kuma wasu binciken ba su ga bambanci ba tsakanin mai dabba da marar dabba. Akwai kuma tambayar da har yanzu ake gardama a kanta, wato ko dabbar ce ke kawo lafiya, ko kuwa mai lafiya da ƙarfin jiki ne dama yake iya riƙe dabba. A 2018 wasu masana a Ingila sun tattara bincike 17 a kan masu larurar ƙwaƙwalwa da ke da dabbobi, suka ga dabba tana rage kaɗaici, tana kwantar da hankali, tana ba mutum dalilin tashi da safe, amma suka ga kuma tana zuwa da nauyin kuɗi da wahala da baƙin cikin rasa ta.

A ganina, abin da ya fi kama da halin Inna ba binciken shafa dabba ba ne. Akwai wani da Ellen Langer da Judith Rodin suka yi a 1976 a wani gidan kula da tsofaffi a Amurka. An ba kowane tsoho tukunyar shuka. Wasu aka ce musu su ne za su riƙa ba ta ruwa, aka kuma bar musu zaɓi a ƙananan al'amuran rayuwarsu, wasu kuma aka ce su huta, ma'aikata za su yi musu komai. Bayan 'yan makonni, waɗanda aka ɗora wa nauyi suka fi walwala da kuzari da shiga mutane. Ka duba da kyau, Inna ba miji kawai ta rasa ba. Cikin 'yan watanni ta rasa abokin zamanta, ta rasa gidan da take da iko da shi da maƙwabtan da suke shigo mata, ta rasa aikin da ya tsara mata yini tun daga asuba har magariba. Kun yi haka ne don ƙauna, amma da kuka ce kada ta ɗauki ko tsinke, sai ta wayi gari ba abin da ke jiran ta. Ragon layya ya jira ta, yana kuka in ta makara, kuma ta fi kowa a gidan sanin abin da yake bukata. Cikin hanyoyin da muke bi wajen jinyar ciwon damuwa akwai mayar da mutum a hankali ga ayyukan da suke da ma'ana a wurinsa, tun kafin zuciyarsa ta so, domin sau da yawa motsi ne ke fara zuwa, walwala ta biyo baya. Kiwo yana iya zama wannan aiki a wurin Inna.

Maganar barin likita kuwa, a'a. Rama da rashin barci da shiru na wata shida a wurin mai shekara 65 suna bukatar a bincika, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo da farkon ciwon mantuwa duk suna iya zuwa da irin wannan kama, kuma ciwon damuwa kansa yana da maganin da ke aiki. Kada ka ce mata za a kai ta asibitin mahaukata, ka ce za a ga likita a kan rashin barci da rashin cin abinci, wanda kuma gaskiya ne. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. In ta daina ci da sha baki ɗaya, ko ta fara cewa mutuwa ta fi mata, ko ta rikice ba ta gane mutane, to kada a jira ranar da aka ba ku, a kai ta a ranar.

Hajiya, Maraɗi

Ɗana, na karanta maganarka har na yi hawaye, domin na bi ta wannan hanya. Zan faɗa maka abin da wataƙila Inna ba za ta faɗa maka ba saboda kara.

Akuyar mace ba kamar sauran kayan gida ba ce. Da ita take fita kunyar biki da suna, da ita take haɗa kayan ɗakin 'yarta, ita take sayarwa in ciwo ya zo cikin dare ba tare da ta roƙi kowa ba. Mace mai awaki bakwai mace ce mai abin hannunta, wadda ake zuwa wurinta neman rance ko neman ta ba da kiwo a raba 'ya'ya. Kuɗin da kuka damƙa mata ba su maye wannan ba, domin kuɗi ba ya haihuwa a turke, ba ya kuma sanin muryarka.

Lokacin da maigidana ya rasu, mutane sun cika gida kwana bakwai, sannan kowa ya kama gabansa. Abin da ya fi mini wuya shi ne bayan la'asar, lokacin da ya saba dawowa. Ina da wata jar akuya irin tamu ta Maraɗi, wadda takan haifi tagwaye, sai na riƙa ɗaukar kujera in zauna kusa da turkenta ina tsince mata ƙaya a jiki, tana tuƙa tana kallona. Abin da ba zan iya faɗa wa 'ya'yana ba don kada in tayar musu da hankali, da abin da ba zan faɗa wa maƙwabta ba don kada a ce ban yi tawakkali ba, ita nake faɗa wa. Ba ta ce mini in yi haƙuri, ba ta kai maganata gaba. Ranar da ta haihu cikin sanyin hunturu, ni na goge 'ya'yan da tsumma na kai su kusa da murhu, kuma a daren ne na fara yin barci mai nauyi tun bayan rasuwar.

Shawarata ita ce kada ka je ka sayo akuya ka kawo mata kamar tsaraba. Da aka sayar da nata ba a tambaye ta ba, to wannan karon a tambaye ta. Ka zauna a gabanta ka ce kun yi kuskure, ka nemi gafararta, sannan ka ɗauke ta ku je kasuwa ta zaɓa da kanta, ta duba haƙori da hantsa, ta yi ciniki da bakinta. Dabbar ta zama tata, in ta haihu ita ke da iko da 'ya'yan, ta ba jikan da ta ga dama. Kuma ka aika ƙauye a bincika inda Kyauta ta shiga. A ƙauye dillalai sun san wanda ya sayi kowace dabba, kuma in mai kiwo ne ya saye ta, ko ita ko 'yarta za a iya samu. Maiɗakinka kuma ka lallashe ta, kada abin ya zama sanadin saɓani tsakaninta da surukarta.

Malamin Islamiyya, Gusau

Allah ya saka maka da alheri bisa kula da mahaifiya. Zan ƙara abu biyu ta fuskar addini.

Na farko, shaƙuwa da dabba ba wauta ba ce. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu yaron ya shiga baƙin ciki, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun cikin rarrashi. Bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba. Ita ma kyanwar da maiɗakinka ta ambata, ya tabbata a hadisi cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a tsakanin mutanen gida. Sharaɗin dai shi ne a ba dabba haƙƙinta na ci da sha da inuwa, domin an ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Na biyu, kada a bari wani ya ce wa Inna halin da take ciki raunin imani ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki. Neman magani umarni ne, ba ya karo da tawakkali. In akwai malami ko malamar da take girmamawa, a roƙe su su faɗa mata haka, za ta fi karɓa daga bakinsu.

Likitan dabbobi, Zariya

Malam, na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma bari in kawo ɓangaren da ya shafi aikina, domin na sha ganin an sayi dabba da kyakkyawar niyya ta mutu cikin wata guda, kuma mutuwar dabba a hannun wanda yake cikin jimami ba ƙaramin koma baya ba ne.

Akuya dabbar garke ce. In ka ɗaure guda ɗaya za ta yini tana kuka, maƙwabta su kawo ƙara, don haka mata biyu za ka nema. Warin da maiɗakinka take tsoro yawancinsa daga bunsuru yake, sai kuma fitsarin da ya kwanta a kan siminti, saboda haka kada a ajiye bunsuru a gida, a zuba yashi ko ɓuntun shinkafa a wurin da za a ɗaure su, a riƙa sharewa kullum, a yi musu rumfa. Kafin su shiga gida a kai su asibitin dabbobi a ba su maganin tsutsar ciki, a duba kaska, a yi musu rigakafin annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, wadda ke zuwa da zawo da majina, kuma dabbar da aka sayo a kasuwa ta fi kowace haɗarin ɗauko ta. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana yin wannan allura. Babban abin da ke kashe awaki a birni kuma shi ne leda, domin in suka haɗiye ta takan taru a tumbinsu su yi ta ramewa, don haka kada a sake su yawon bola. Madararsu a tafasa kafin a sha. Ka kuma lissafa kuɗin harawa da dusa na rani tun yanzu, kuma ɗaukar buhu da jan igiya su zama aikin yara, domin faɗuwa a shekarun Inna tana iya kawo karaya.

Kyanwa ta fi sauƙi a ƙaramin gida, amma a yi mata allurar rigakafin cutar haukar kare, kuma mai ciki kada ta kwashe kashinta. Sai dai ban ga alamar kyanwa ce za ta cike wa Inna gurbi ba, tunda abin da ta ƙware a kansa kiwo ne.

Inda na saɓa da sauran masu amsa shi ne, ina tsoron a sayi akuya biyu a ɗauka an gama. Wataƙila abin da Inna take kewa ya fi akuya girma. A ƙauye akuya tana haɗa ta da mutane, da mai kawo harawa, da maƙwabciyar da za ta aiko a ba ta aron bunsuru, da yaron da ke kora su kiwo. A bayan katangar birni wannan ba ya samuwa. Ku tambaye ta da gaske ko za ta fi son ta riƙa yin damina a gidanta tare da wata 'yar'uwa ko jika, ta zo muku da rani.

Ɗan Inna, Kano

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan sallar isha'i na shiga ɗakinta na zauna a ƙasa, na faɗa mata cewa mun yi kuskure da muka sayar da dabbobinta ba da shawararta ba, na roƙe ta ta yafe mana. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce dama ba ta riƙe mu ba, ta share ido da bakin mayafinta. Da na kawo maganar kiwo sai ta tambaye ni nawa ake sayar da damin harawa a Kano, ta kuma ce bayan ɗakin girki ya fi inuwa da yamma, wanda ya nuna mini ta riga ta duba wurin tun ba yau ba.

Mun tsayar da cewa ranar Juma'a za mu je kasuwar Wudil da sassafe ita da ni da babban jikanta. Ta yarda ta ga likita a kan rashin barci ranar Talata mai zuwa, da sharaɗin maiɗakina ce za ta raka ta. Ƙanena kuma ya kira dillalin ƙauyenmu, ya ce Kyauta tana hannun wata mata a ƙauyen da ke gaba da namu, kuma ta haihu.

Maganar komawa gida da damina ban iya kawo mata ita jiya ba, kuma 'yan'uwana biyu ba su goyi baya ba saboda nisan asibiti. Likita, in Allah ya sa aka samu Kyauta ko 'yarta, kwana nawa ya kamata a ware ta kafin a haɗa ta da wadda za mu sayo a kasuwa?